Yadda ake karatun kalkulas mai haruffa da yawa a jami'a

A kalkulas na shekarar farko abin da sauƙi: x ya motsa, y ya bi shi. A babban mataki kuwa x da y da z ne ke motsi tare, kuma nan ne mai dogaro da hadda yake fara tuntuɓe.

Fara da gyaran harsashi. Koma kan bekta, matiris, ditaminan da dabarun intigiral na baya. Mai rauni a nan zai yi ta ɗora wa sabon darasi laifin da ba nasa ba.

Daga nan ka mai da zane ɗabi'a. Kada ka rubuta alamar intigiral sai ka zana yankin, ko da zanen bai yi kyau ba. Ɗauki f(x,y) kamar tudu, ka zana layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya, irin na taswirar duwatsu. Giradiyan kibiya ce da ke nuna inda hawa ya fi tsauri, tana yanke waɗannan layukan a kusurwar digiri 90. Wanda ya ga haka da idonsa ba sai ya haddace dabarar Lagrange ba, wato dabarar neman inda f ta fi girma ko ƙanƙanta a ƙarƙashin wani sharaɗi, don cewa kawai take yi a wurin da ake nema giradiyan na f da na sharaɗin suna kan layi ɗaya.

Sai ka daina amincewa da hanya ɗaya. Gwada xy/(x²+y²) kusa da (0,0). Ka biyo ta layin x, ka sami 0. Ka biyo ta y = x, ka sami rabi. Ke nan babu limit a wurin. Irin waɗannan misalan masu ƙaryata zato, ka ware musu shafi a littafinka.

Mataki na gaba shi ne sauya ma'auni, kuma a nan ake asarar maki a banza. Idan ka koma r da θ, wato nisa daga (0,0) da kusurwa, dx dy yakan zama r dr dθ. Wannan r ɗin ba ado ba ne, Jakobiyan ne, shi ke faɗa maka yadda ɗan fili ya buɗe ko ya tsuke. Ka yi amfani da shi ka nuna cewa intigiral na e^(−x²) a kan dukan layin lambobi √π ne. Ni dai ban san atisayen da ya fi wannan daɗi ba a kwas ɗin.

Ka'idojin Green da Stokes da Gauss su ne ƙololuwa, kuma kuskure ne a karanta su kamar abu uku. Magana ɗaya ce: jimlar abin da ke faruwa a ciki, ana karanta ta a gefe. Green ya haɗa fili da layin da ya kewaye shi, Stokes ya yi haka ga shimfiɗa mai lanƙwasa, Gauss kuma ya haɗa cikin abu da fatarsa. George Green, wanda ya wallafa aikinsa a 1828, mai injin niƙa ne a Nottingham ta Ingila, kusan da kansa ya koyar da kansa. Ta Stokes kuwa masanin kimiyya Kelvin ne ya fara rubuto wa Stokes ita a wasiƙa a 1850, shi kuma Stokes ya saka ta a jarrabawar jami'ar Kambirij a 1854.

Amma karanta sharuɗɗan kafin ka yi amfani da su. Ɗauki bekta (−y, x)/(x²+y²). Juyinta (curl, ma'aunin yadda take juyawa a kowane wuri) sifili ne a ko'ina sai a (0,0), inda ba ta da ma'ana. Za ka zaci intigiral ɗinta a kan da'irar da ke zagaye da wurin zai ba ka sifili. Lissafa da hannunka, 2π za ka samu, saboda ramin da ke tsakiya ya karya sharaɗin Green.