Yadda matashi ɗan Latin Amurka zai kama aiki a Amurka

Yawancin samari da 'yan matan da ke zuwa daga Meziko, Guatemala ko Honduras ba a intanet suke samun aikin farko ba. Kawu ko ɗan garinsu ne ke kai su wurin gini, ko madafar gidan abinci, ko gona. Hanyar tana da sauri, sai dai wanda bai gyara takardunsa ba a nan zai yi ta zama shekara da shekaru.

A fara da izinin aiki. Wanda ya cancanta yana nemansa da fom I-765, sannan ya karɓi lambar Social Security, wadda gwamnati ke lissafa albashi da fanshon ma'aikaci da ita. Lambar ITIN kuwa ta biyan haraji ce kawai, ba ta halatta wa kowa aiki. A kuma yi hattara da shagunan da ke rubuta "notario" a ƙofa. A ƙasashensu mai wannan suna masanin shari'a ne, a Amurka kuwa aikinsa shaida sa hannu. Mutane da yawa sun zuba masa kuɗi ya cike musu fom ba daidai ba.

Ranar kama aiki za a miƙo fom I-9, na tabbatar da cewa mutum yana da izinin aiki, kuma cikin kwana uku na aiki dole a nuna takardun shaida. Akwai gurbin da ke cewa "ɗan ƙasar Amurka". Wanda ba shi ba ne kada ya kuskura ya taɓa wurin, ko shugaban aiki ya ce ba komai. Wannan ƙaryar kaɗai tana iya rufe masa ƙofar takardar zama har abada.

Sai batun kuɗi, inda aka fi cutar baƙo. Mafi ƙarancin lada na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, jihohi irin su Kalifoniya da New York sun ɗara haka nesa. A yawancin ayyuka, abin da ya haura awa 40 a mako ana biyansa ɗaya da rabi. A tambaya tun farko wane fom ɗin haraji za a bayar: W-2 na cikakken ma'aikaci ne ko 1099? In 1099 ne, an ɗauke shi ɗan kwangila, shi zai biya harajin fansho da lafiya, kashi 15.3 cikin ɗari na abin da ya samu, daga aljihunsa. Mai aikin yini, wanda suke kira "jornalero", ya riƙe ɗan littafi yana rubuta rana, adireshi, lokacin farawa da tashi, ya kuma ɗauki hoton lambar motar da ta ɗauke shi. Da wannan ake kai ƙara sashen albashi na ma'aikatar ƙwadago, kuma haƙƙin aikin da aka riga aka yi bai rataya a kan takardar zama ba.

Fita daga aikin ƙarfi tana buƙatar Turanci da takardar sana'a. Ana iya rubuta jarrabawar GED, madadin shaidar sakandare, da Sifaniyanci ma. Kwas ɗin OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata, na awa 10 kan kare kai a wurin gini yana buɗe ƙofar manyan 'yan kwangila. Mai izinin aiki ya leƙa American Job Center, cibiyar gwamnati ta masu neman aiki, mafi kusa, kyauta ne, ya tambayi shirin koyon aikin lantarki ko famfo na ƙungiyoyin ƙwadago, inda ake biyan almajiri tun ranar farko.