Kafin ka sayi rim ɗin tsohuwar akori-kura a Ladipo

A kasuwar kayan mota ta Ladipo da ke Legas za ka ji mai kaya yana cewa "rami shida ne, zai shiga." Ƙirga ramuka kawai ba ya isa. Sau da yawa sai mota ta ɗauko lodin albasa daga kasuwar Mile 12, sitiyari ya fara rawa a hanyar Ikorodu, sannan a gane rim ɗin ba nata ba ne.

Fara da zagayen ramukan noti. Hilux mai jan ƙafa huɗu da Nissan Hardbody D21 rami shida gare su, a zagaye mai faɗin milimita 139.7. Aunawa ba wuya: daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Tsohuwar Hilux mai jan ƙafa biyu da tsohuwar Ford Ranger tokumbo ta Amurka rami biyar ne, 114.3. Mai rami biyar ba shi da abokin fuskanta, don haka a auna ramuka biyu maƙwabta, a ninka da 1.7. Idan tazarar ramukan biyu kusan milimita 67 ce, to 114.3 ne. Chevrolet S-10 kuwa 120.65 ce, kuma nan ake yawan cutuwa, domin rim ɗin BMW mai 120 yana shiga kamar nata. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma notin ba ya zama daidai, a hankali kusoshin su gaji su karye.

Ramin tsakiya shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Na Hilux mai rami shida milimita 106 ne, na Nissan 100. Rim ɗin Nissan ba zai haye cibiyar gaban Hilux ba, kuma kada ka yarda a faɗaɗa shi da wuta ko magagari. Na Toyota zai shiga Nissan, sai dai da sarari, don haka a ɗaure shi a hankali, ko a sa zoben da ke cike gurbin, in ba haka ba ƙafar ta karkace ta riƙa girgiza.

Noti ma ba ɗaya ba ne. Zaren Toyota M12 ne, wato kaurin milimita 12, mai tazarar milimita 1.5, na Nissan 1.25, na Ranger ta Amurka kuma ma'aunin inci ne. Idan noti ya cije bayan juyi biyu da hannu, tsaya, kada yaron mai faci ya taka sifana da ƙafa. Rim na ƙarfe yana son noti mai tsinin baki, yawancin rim ɗin alminiyon na Toyota kuwa mai wosha shimfiɗaɗɗe suke so. A ɗaure a gicciye, a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Juya bayan rim ɗin, ka goge tsatsar da tsumma, za ka ga rubutu irin 15x6J da ET. Na farko tsayi da faɗi ne a inci, ET kuma yana nuna yadda ƙafar za ta shige ciki ko ta fito waje. Ta shige da yawa, ta goga birki ko sifirin. Ta fito da yawa, boris ya riƙa mutuwa da wuri, taya ta ci bodi duk lokacin da aka faɗa rami da kaya.

Ga mai ɗaukar lodi, harafin C a jikin taya, alamar tayar ɗaukar kaya, ya fi kyan rim muhimmanci. Taya 195R14C mai lamba 106/104 tana ɗaukar kilo 950, kuma tana jure iska har 65 psi. Tayar ƙaramar mota 195/70R14 mai lamba 91 kilo 615 kacal take ɗauka, ko da a ido kusan girmansu ɗaya. Buhunan doya a kan irin wannan, ga zafin kwalta, fashewa ce ke biyo baya. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a jikin taya, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar tokumbo da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai cinye ba, a bar ta a shagon.