Yadda nake jin ta bakin ɗalibai kan tsaron makaranta

Bayan sace ɗaliban Kuriga a watan Maris na 2024, mun zauna da iyaye a makarantar da nake koyarwa a Rigasa. Aka yi ta maganar katanga da maigadi da ƙofar ƙarfe, kuma duk gaskiya ne. Amma har aka tashi babu wanda ya ce a tambayi yaran, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga lokacin nake tambayarsu kowane zango.

'Yar'uwa malama, ki fara da zaɓen mai tambaya. Kada ya zama malamin da ke riƙe da bulala, kada kuma a ba monita ko wani siniya ya tattara takardun, domin wani lokaci shi ne abin tsoron. Mata su zauna da malama, maza da malami.

Ni da taswira nake farawa. Ina zana makarantar a allo: azuzuwa, ofis, famfo, banɗaki, filin ƙwallo, inda masu talla ke zama. Kowa ya kwafa a takarda, ba suna, sannan ya ɗiga jan biro a duk inda gabansa ke faɗuwa. Yaro ya san malama tana gane rubutunsa, shi ya sa yake ɓoye magana, amma ɗigon biro ba ya tona asirin kowa. Ranar farko da na baza takardun 'yan mata a tebur, jan ya taru ne a banɗaki. Babu ƙyaure. Ashe suna riƙe fitsari har a tashi, wasu kuma idan suna haila sai su yi zamansu a gida. Shekaru ina wucewa ta wurin ban lura ba, abin ya dame ni ƙwarai.

A ja taswirar har wajen ƙofa: lungun da 'yan shara, wato 'yan daba, ke zama, titin da ake tsallakawa, inda ake jiran Keke.

Batun ko yaro yana jin an karɓe shi ya fi wuya. Idan kika ce, "Kina jin daɗin makaranta?" amsar ita ce "Eh, Malama." Sai dai ki tambaya: da wa kike cin abinci lokacin tara? Malamai nawa suka san sunanki? An taɓa yi miki dariya saboda harshenki ko addininki ko garinku? A Kaduna aji ɗaya yana iya haɗa Bahaushe da Bagwari da Bafulatani da ɗan Bajju, ga yaran da iyayensu suka gudo daga Birnin Gwari ko Giwa, waɗanda ake kira 'yan ƙauye. Ina karanta tambayoyin da Hausa da Turanci, wanda rubutu ke ba wahala kuma mu keɓe mu yi magana.

Kada ki yi alkawarin rufe komai. Ina gaya musu tun farko: "Ba zan faɗi sunanku ba, amma idan wani yana cutar da ku, dole in nemo taimako." Jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018, irin wannan maganar ba a ajiye ta a aljihun tebur.

Cikin mako biyu nake kai abin da na samu ga shugaban makaranta da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, sannan a tsaya a asambuli a gaya wa yara abin da aka ji, da wanda za a gyara yanzu, da wanda sai an samu kuɗi. Idan aka tambaye su aka yi shiru, zango na gaba farar takarda za su miƙo. Mu dai da banɗaki muka fara. Wani uba kafinta ne, ya zo ranar Asabar da katako da sakata ya kafa ƙyaure huɗu.