Ɗauke wuta a Kalifoniya ba irin na gida ba ne: kurakuran da aka fi yi

Ranar da saƙo ya fara shigowa wayata cewa kamfanin lantarki zai ɗauke wuta saboda iska, dariya na yi. Mutumin da ya tashi a Kano, ya yi karatun jarrabawa da fitilar ƙwai, shi za a tsorata da duhu? Na ce wa maiɗakina ta kwantar da hankalinta. Kwana uku muka yi ba wuta, kuma kafin ta dawo na zubar da rabin ragon da ke firiza. A nan na gane cewa sabon da muka yi da NEPA yana iya zame mana tarko.

A can da gangan ake kashe wutar. Idan kaka ta yi, ciyawa ta bushe ƙayau, busasshiyar iska ta taso daga tudu, wadda ake kira Diablo a arewacin jihar, Santa Ana a kudu, reshe ɗaya ya faɗa kan waya ya isa ya cinna wa daji wuta. Ranar 8 ga Nuwamba 2018 layin kamfanin PG&E ya tayar da gobarar da ta cinye garin Paradise, mutum 85 suka rasu. A Oktoba 2019 kamfanin ya kashe wa gidaje da shaguna fiye da dubu 700 wuta a karo guda. Tsarin suna kiransa PSPS a taƙaice, kuma kamfanonin lantarki na Southern California Edison da SDG&E su ma suna yin sa.

Babban kuskure shi ne zaton za a kawo anjima. Ko iskar ta lafa, ba a mayar da wuta sai ma'aikata sun bi layin sun duba, wasu a ƙafa, wasu a mota, wasu a jirgi mai saukar ungulu, kuma aikin yana son hasken rana. Iskar da ta kwanta da magariba, sai ka kwana a duhu. Ka yi shirin kwanaki, ba awoyi ba.

Sai janareta, inda mutanenmu suka fi jin sun ƙware. A gida mun saba ajiye shi a soro ko bakin taga, a ja igiya ya kama. A can mutum sai ya tura shi cikin gareji don kada ƙararsa ta dami maƙwabta, ya ɗaga ƙofa kaɗan ya ce iska na shiga. Hayaƙin yana ɗauke da kabon monoksaid, ba launi ba wari, kuma gidajen can a toshe suke ruf saboda sanyi. Kai zai fara ciwo, barci ya ɗauki mutum, shi ke nan. Hukumar lafiya ta Amurka, CDC, ta ce a ajiye shi a fili, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, kusan mita 6 ke nan. Ka saka na'urar da ke ƙara idan ta shaƙi wannan iska, mai aiki da batir. Kada ka kafa shi kan busasshiyar ciyawa, kada ka zuba masa mai yana da zafi. Ai don gudun tartsatsi ɗaya aka kashe wa gari wuta. Haɗa shi kai-tsaye da soket ɗin bango kuwa ganganci ne, domin wutar za ta koma kan layi ta kama ma'aikacin da ke bisa fal-waya yana zaton layin a mace yake. Ko dai ka ja waya daga janareta zuwa firji, ko ka kira mai gyaran wuta mai lasisi ya saka makunnin da ke raba layin gida da na kamfani.

Kyandir da gawayi su ma a bar su. Tocila da fitilar caji sun wadatar. Kurfoti ko abin gashin nama ba ya shiga ɗaki, ko da sanyi ya matsa.

Firji da ba a buɗe shi yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cikakkiya takan kai awa 48, wadda take rabi awa 24. Tawa rabi ce, yara kuma suna buɗewa suna leƙe kamar masu duba jariri. Gyaran ba wuya: da zarar saƙon gargaɗi ya zo, yawanci kwana ɗaya ko biyu kafin lokaci, cika robobi da ruwa ka cusa a duk inda ya rage fili su daskare. Abin da za a ci a ranar a fitar da shi zuwa kula mai ƙanƙara. Naman da ya saki ya ɗumama, kada a ce tafasa za ta gyara shi.

Masu sola a rufin gida sukan sha mamaki. Yawancinta a haɗe take da layin kamfani, kuma da zarar layin ya mutu ita ma takan kashe kanta don kare ma'aikata. In ba batir, rana na dukan rufinka kana zaune ba wuta.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a tunawa sai an kwana an tashi. Gidan mai ba ya sayarwa sai da lantarki, na'urar cirar kuɗi ma haka, don haka cika tanki ka riƙe tsabar kuɗi tun da wuri. Wanda ruwansa na rijiyar burtsatse ne, famfonsa ya tsaya. A tanadi galan guda, kusan lita 4, ga kowane mutum a rana, mu kuma da alwala sai a ƙara. Danjar da ta mutu ba izinin wucewa ba ce, kowa zai tsaya cak sannan a wuce bi da bi.

'Yan haya da yawa ba sa samun gargaɗin, saboda sunan mai gida ne a takardar wuta. Ana iya yin rajista da adireshi a shafin kamfanin, saƙo ya zo wayarka. In akwai mai amfani da injin numfashi, a shigar da shi tsarin Medical Baseline, wanda kamfanonin suka tanada wa marasa lafiya masu dogaro da lantarki, su ana ƙara bibiyarsu da sanarwa. Kamfanonin kan buɗe cibiyoyi da ake cajin waya a samu ruwan sha, lambar 211 kuma tana faɗa maka mafi kusa.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaukar cewa tunda an kashe wuta, gobara ba za ta zo ba. Daren da aka ɗauke wutar shi ne daren da ya fi haɗari, kuma intanet ɗin gida ya mutu, sabis na iya yankewa. Ƙaramin rediyo mai batir, jaka da fasfo da magunguna a bakin ƙofa, takalma kusa da gado. Ƙofar gareji da lantarki take ɗagawa. Akwai jar igiya da ke rataye a sama, in ka ja ta sai ƙofar ta saki ka ɗaga da hannu. Gwada ta da rana, ka sa maiɗakinka ita ma ta gwada, don wata ƙofar nauyi gare ta. Ni dai yanzu da saƙon ya shigo nake fito da mota waje, in juya hancinta ga titi.