Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyaran Moton Gilashin Tsohuwar Mota

Idan gilashin ƙofar tsohuwar mota ya ƙi hawa ko ya ƙi sauka, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne moto ya ƙone, sai a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo na Beljiyam a ɗaura. Sau da yawa kuɗin nan asara ne, domin tsakanin batir da gilashi akwai fis, da makunni, da wayoyi, da regiletar da ke ɗauke da gilashin, da kuma robar da yake zamewa a cikinta, kuma kowannensu yana iya tsayar da aiki alhali moton lafiyarsa ƙalau. Moto shi ne ya kamata ya zo ƙarshe a jerin waɗanda ake zargi.

Binciken farko ba ya buƙatar a kwance ko da kusa ɗaya. Idan gilasai huɗu ne suka mutu lokaci guda, da wuya a ce motoci huɗu sun ƙone tare, don haka sai a duba fis da rile (ƙaramin makunnin da wuta ce ke kunna shi) da babban makunnin da ke ƙofar direba. Idan na fasinjoji ne kaɗai suka ƙi amsa nasu makunnan, a fara duba maɓallin kulle gilasai, wanda yaro kan danna ba tare da kowa ya lura ba. Idan kuwa gilashi ɗaya ne, a kunna fitilar cikin mota, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a danna makunnin ana kallon fitilar. Hasken da ya ɗan dushe yana nuna wuta ta isa moto yana kuma janta, sai dai wani abu ya riƙe shi. Hasken da bai motsa ba yana nuna layin ya yanke a wani wuri. Idan an ji moto yana juyawa amma gilashi bai motsa ba, laifin na regileta ne ko na haƙoran giya.

Game da fis, kuskuren sananne ne: ya ƙone, sai a naɗa masa zaren waya ko a sa wanda ya fi shi girma. Fis ɗin gilashi yawanci na amfiya 20 zuwa 30 ne, kuma idan sabo ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta fere tana taɓa ƙarfe. Wanda ya naɗa zare ya bar wayar ce ta yi zafi a cikin ƙofa har robarta ta narke.

Wurin da aka fi mantawa da shi, kuma wanda yakan yi laifi sau da yawa a tsohuwar mota, shi ne robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi suke ratsawa. Duk buɗewa da rufewa sai wayoyin sun lanƙwashe, kuma ƙofar direba ta fi kowace shan wannan wahala, musamman a motar haya. Tagullar cikin waya takan karye a hankali, zare bayan zare, alhali robar wajenta tana nan kamar ba abin da ya same ta. Alamarta ita ce gilashin da ke aiki idan ƙofa tana buɗe ya ƙi idan an rufe ta, ko akasin haka. A nan ne mitar awon wuta take yaudarar mai wayarin, domin zare ɗaya da ya rage ya isa ya nuna bolt 12 a fuskar mita, amma ba zai iya ɗaukar wutar da moto ke buƙata ba. Saboda haka a yi awon soket yana jone ana danna makunni, ko a yi amfani da kwan fitila mai jan wuta sosai. Idan an sami karayar, ba daidai ba ne a murɗe bakin wayoyin a naɗe da tef a daidai wurin lanƙwasar. A yanke, a sa sabon guntun waya mai laushi kuma mai kauri ɗaya da ta asali, a yi haɗin a cikin ƙofa da cikin jikin mota, inda ba ya motsi.

Akwai kuma rashin fahimtar yadda moton yake samun wuta. A yawancin tsofaffin motoci wayoyi biyu ne ke shiga moto, kuma babu wadda take at ta dindindin a cikinsu, wato wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Makunni ne ke juya su: idan za a hau, wannan ta ɗauki wuta waccan ta zama at, idan za a sauka su yi musaya. Wanda bai san haka ba yakan ɗaure ɗaya a jikin ƙofa da sunan ƙara at, da ya danna makunni kuwa sai fis ya tashi. Haka kuma a motoci da yawa layin ƙofar fasinja yana bi ta cikin babban makunnin direba ne, shi ya sa dattin da ya taru a makunnin direba yake iya kashe gilashin baya, a yi ta canza makunnin bayan ba a ga sauyi ba.

Gwada moto kai tsaye da batir hanya ce mai kyau, muddin mai waya biyu ne: a jona ya juya, a juya wayoyin ya koma baya. Amma a motoci irin su Golf 4, moton yana haɗe da ƙaramin allon lantarki kuma soket ɗinsa yana da ƙafafu da yawa, wanda ya cusa wuta a ƙafar da ba ita ba yana iya ƙona allon, ya mayar da ƙaramin gyara babba.

Ko da bincike ya tsaya a kan moton, ba lallai ne ya ƙone ba. Da yawansu suna da abin kariya a ciki wanda ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, ya kuma mayar da ita bayan ya huce, don haka gilashin da ya tsaya a tsakiya ya dawo aiki bayan 'yan mintuna yana nuna wahalar da moton ke sha ne. Wanda kuma yake tashi idan an bubbuga ƙofa ana danna makunni, kabon ɗinsa ne ya cinye ko ya maƙale, wato 'yan guntayen da ke isar da wuta ga amaca, ɓangaren moto da ke juyawa. Bugun gwaji ne, ba magani ba, kuma duka mai ƙarfi a jikin moto yana fasa maganaɗisun da ke ciki. Gyaran shi ne a buɗe, a wanke tsohon giris da ya daskare, a goge tagullar amaca da sanfefa mai laushi ƙwarai, a sa sabon kabon. A yi wa kwanson moton mai ɗauke da maganaɗisu alama kafin a zare shi, domin idan aka mayar da shi a juye, gilashi zai riƙa sauka idan an danna hawa. Giris kuma a kan giya ake sa shi kaɗan, idan ya kai ga kabon sai ya haɗu da ƙura ya hana wuta wucewa.

A ganina kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi shi ne ɗaura sabon moto ba tare da neman abin da ya kashe tsohon ba. Ƙurar hunturu tana cika robar da gilashi ke bi, zafin rana ya busar da ita ta yi tauri, moto ya riƙa jan nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba. Idan an raba gilashi da regileta, a ɗaga shi da hannu: ya kamata ya zame ba tare da cijewa ba. Idan ya cije, a wanke robar da ruwan sabulu, ta bushe, a fesa mata man silikon. Baƙin mai da giris na gama-gari suna kumbura roba suna kuma kama ƙura, man birki kuwa yana cin fenti.

Regileta iri biyu ce aka fi gani. Mai igiyar ƙarfe takan tsinke ko ta harɗe a kan ƙafar da take naɗewa a kai, kuma ƙarar ƙaras-ƙaras a cikin ƙofa ita ce alamarta. A Golf 4 maƙalan roba da ke riƙe gilashi sun yi suna wajen karyewa har gilashi ya faɗa cikin ƙofa. Mai kama da almakashi tana da sifirin mai ƙarfi wanda moto ne kaɗai ke riƙe da shi, idan aka cire moton ba a kulle hannayenta ba sai ta tsuke da ƙarfin da zai iya datse yatsa. A tallafe gilashi da tef mai ƙarfi ta saman ƙofa, a cire kan batir kafin a sa hannu, musamman a wasu Mercedes da BMW na ƙarshen shekarun 1990 waɗanda ke da jakar iska a cikin ƙofa. Wajen mayarwa kada a matse maƙalin gilashi fiye da kima, domin gilashin ƙofa ba ya tsagewa, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya.

Idan sayen ya zama dole, a tafi da tsohon a hannu, a gwama haƙoran giya da soket, a kuma tuna na dama da na hagu ba ɗaya ba ne a yawancin motoci. A gwada hawa da sauka sau da dama kafin a mayar da murfin cikin ƙofa. Ledar da ke bayan murfin, wadda ake yagewa a yar, ita ce ke hana ruwan damina isa ga murfin da makunni, sai a manne ta yadda aka same ta, a kuma buɗe ƙananan hudojin da ke ƙasan ƙofa don ruwa ya fita. A motocin da gilashinsu ke hawa da dannawa ɗaya, cire batir yakan sa ya manta iyakarsa, ya riƙa tsayawa ko komawa ƙasa. A yawancinsu sai a sauke shi har ƙasa, a ɗaga shi har sama, a ci gaba da riƙe makunnin na 'yan daƙiƙu bayan ya rufe, kodayake tsarin yakan bambanta daga wata mota zuwa wata.