Yadda Ake Adana Ganyen Shayi Don Kada Ƙamshinsa Ya Gudu

A daminar bara wani aminina ya kawo mini tsarabar koren ganyen shayi daga Agadas, irin mai dunƙule-dunƙulen nan da Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta. Na bar shi cikin kwalinsa a kan kanta, kusa da robar daddawa. Bayan mako uku na dafa wa baƙi, kurɓar farko sai ga warin miya a cikin kofi. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ganye ne mai kyau.

Dalilin shi ne ganyen shayi abu ne mai ƙishirwa. A masana'anta sai an busar da shi har ruwan jikinsa ya koma wajen kashi 3 zuwa 5 cikin 100, don haka duk abin da ya tarar a iska, danshi ne ko wari, zuƙe shi yake yi. Wanda ya gane wannan, sauran aikin mai sauƙi ne.

Tun a kasuwa ake farawa. Ka ɗebi kaɗan a tafin hannu ka murza da yatsu biyu. Idan ya farfashe ya zama gari, a bushe yake. Idan ya lanƙwashe ya ƙi karyewa, ya riga ya sha danshi, ka bar shi. Ka kuma duba maƙwabtansa a shagon: buhun da ke buɗe a gefen sabulu ko jarkar kananzir ya gama lalacewa. Kada araha ta sa ka sayi na shekara. Na wata biyu ko uku ya isa.

Da ka iso gida, a fitar da shi daga leda. Ledar da ake ƙulla kaya ba ta tare wari, kwali kuwa da an buɗe shi ya tashi daga aiki. Abin da na fi yarda da shi gwangwani ne mai murfin da ke kamawa gam, kamar na madarar gari. A wanke shi, a kife a rana ya yini, sannan a shinshina. In da sauran ƙamshin abin da ya taɓa zama a ciki, a zuba cokali biyu na tsohon ganye a rufe kwana uku, zai kwashe shi, sai a zubar. Kwalba ma tana yi, amma tunda haske na ratsa ta yana kashe launin ganye da ɗanɗanonsa, sai a sa ta cikin kabad. Robar da ta taɓa ɗaukar yaji ko manja kuwa, ko an wanke ta sau goma ba ta dace ba.

Ga dabarar da ta fi yi mini amfani: raba ganyen gida biyu. Ƙaramin gwangwani na amfanin mako guda, babba kuma ba a buɗe shi sai za a ƙara wa ƙaramin. Duk buɗewa sabuwar iska ce ke shiga, iska kuma ita ke cinye ƙamshi a hankali, musamman na koren ganye. Baƙin ganye, irin wanda ake nomawa a Kakara kan tsaunin Mambila, ya fi juriya, yana iya kai shekara biyu a rufe. Kore kuwa a shanye shi cikin wata shida zuwa shekara. Ka rubuta ranar da ka saya a jikin murfin.

Wurin ajiya ya zama mai sanyi da duhu, nesa da murhu, nesa da taga, nesa da inda uwargida ke turara kaya da turaren wuta. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kada a ɗora gwangwanin can sama kusa da rufin kwano. A watan Agusta kuma kada a ajiye shi a ƙasa ko a jingina da bango mai raɓa.

Firiji fa? Ni ba na ba da shawara. Wuta ta ɗauke, ta dawo, gwangwani ya yi gumi, ga warin kifi da albasa.

Wajen ɗiba, cokali busasshe kawai. Na sha ganin matasa a wurin hirarsu suna karkata kwalin ganye kai tsaye a bakin butar da ke tafasa, tururi na shigewa ciki. A ɗiba a gefe, a rufe, sannan a zuba. Citta, kanumfari da na'a-na'a kowa da mazubinsa, a buta za su haɗu.

Idan ganye ya ɗan kwanta amma bai lalace ba, a zuba shi a busasshen kasko marar maiƙo, wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa na 'yan mintuna har ƙamshi ya taso, a bar shi ya huce sarai kafin a mayar gwangwani. Amma in ka ga farin fumfuna a jikinsa, ko ka ji warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, suya ba za ta gyara shi ba. A zubar da shi duka, a sake wanke gwangwanin a shanya.