Totur ɗin lantarki na a-kori-kura in ya fara maƙalewa: kurakuran da na gaji da gani

Wallahi na gaji. Duk yaron da aka kawo masa a-kori-kura aka ce totur na maƙalewa, abu na farko da zai ce shi ne a sayo sabon totur bodi, wato ƙarfen da ke ɗauke da faifan shigar iska cikin injin, ko sikana, na'urar da ke karanto matsala daga kwamfutar mota, bai jona ba. To ku saurara, maganar injin fetur nake.

Motocin nan babu kebul tsakanin ƙafarka da injin. Fedal sensa ne kawai, yana gaya wa kwamfutar mota iya yadda ka taka, ita kuma ta sa wata ƙaramar moto ta buɗe faifan da ke bakin iska. Sensa biyu ne a fedal, biyu a totur bodi, kuma dole maganarsu ta zo ɗaya, in suka saɓa sai kwamfutar ta tsorata ta rage wa motar ƙarfi, ka ga tana jan jiki kamar mara lafiya. Kenan wurare da dama ne za su iya kawo matsalar, ba ƙarfen nan ɗaya ba.

Ni kaina wannan ya taɓa cina da tsada, shi ya sa nake zafi a kai. Wata mota lambar matsala P2135 ta nuna min a sikana, wato sensa biyun totur ba su jitu ba, ban tsaya komai ba na ce wa mai ita a canja, aka canja, kwana uku sai ga shi ya dawo ransa a ɓace wutar cek ta sake kamawa. Da na zauna da mita na bi waya ɗaya bayan ɗaya, ashe wani fin ne a cikin soket ya yi kore ya saki, in injin ya girgiza sai wutar bolt 5 ɗin da ke zuwa wa sensa ta riƙa yankewa. Kuɗin kayan daga aljihuna na mayar, ga kunya. Tun ranar ba na kwance noti ko ɗaya sai na kunna makulli, na buɗe bayanan kai tsaye a sikana, na taka fedal a hankali ina kallon lambobin suna hawa sumul ko suna tsalle, sannan na jijjiga wayoyin da hannu. Lamba tana nuna maka unguwa ne fa, ba ta nuna maka gida. P2111 faifai ya maƙale a buɗe, P2112 a rufe, P2138 kuma rigimar fedal ce, amma ba wadda ta ce jeka sayi kaya.

Kuma don Allah ku daina goge lamba kafin ku rubuta ta.

Kuskure na biyu, wanda in na gani har tsawa nake yi: tura yatsa cikin bakin totur alhali makulli na kunne. Kai yaro, moto ce fa ke riƙe da faifan nan! Tana iya datse maka yatsa, kuma haƙoran da ke juya shi na roba ne a yawancinsu, ka banƙara da ƙarfi ka karya su, aikin wanki ya koma aikin saye. Ni kashe mota nake, in cire soket, in kwanto totur bodin gaba ɗaya in ajiye a benci. Kunkunniyar da ke taruwa a gefen faifai daga tururin man injin take zuwa, ita ce ke sa shi kamewa musamman da safe. Maganin wankin totur nake fesawa a tsumma in goge gaba da baya, ba na fesa wa ramin sandar da ke riƙe da faifan kai tsaye don kar ya gangara cikin moto da sensa, na wankin kabireta kuwa ba na kusantarsa da shi, ya yi kaifi da yawa.

Bayan wanki sai silo, wato juyin injin in ba a taka totur ba, ya hau, sai ka ji an ce ai an ɓata motar. Ba a ɓata ba, kwamfutar ta saba da datti ne, sai an sake koya mata matsayin faifai, ko da sikana ko ta hanyar da littafin motar ya faɗa, kowace da nata tsarin.

Shimfiɗar ƙafa ma a leƙa. Kar ku raina wannan, a 2009 Toyota ta kira miliyoyin motoci a dawo da su gyara saboda shimfiɗa na danne fedal, har da Tacoma da Tundra, a farkon 2010 kuma ta sake kira saboda fedal ɗin da kansa yana nauyin dawowa. Ni da tocila nake durƙusawa in duba kafin in buɗe bonet.

Batir mai rauni da wayar nagetif da ta yi tsatsa su ma suna haukata totur. Tiyon iska da ya tsage yana ɗaga silo, a ɗauka maƙalewa ce.

Wajen gwaji a titi kuwa, in ya maƙale maka ka danne birki da ƙarfi kar ka riƙa takawa kana saki, ka mayar da giya furi, injin zai yi ihu ka ƙyale shi, sai ka gangara gefe ka tsaya sannan ka kashe. In ka murɗe makulli har ƙarshe kana tafe sitiyari na iya kullewa.